Dambun da Ban Ci Ba

Jawabin Baba Shu'aibu mahauci, na Kalley, a taron tunawa da ƙanwarsa Mama Na'omi, a gidanta da ke Harobanda, Yamai. Ɗiyarta Priska ta rubuta yadda ya faɗa.

Fasto da dattawan ikilisiya, ina gaishe ku. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam, na ga ka zo, na gode. Shugabar zumuntar mata, ma'aikatan gidan haihuwa, maƙwabta Zabarmawa da Hausawa, da mutanenmu na Dogon Dutsi da suka sha doguwar hanya, sannunku da zuwa. Natanayel da Priska, ƴaƴan marigayiya, da Lidiya matar Natanayel; Abdulaye da Habsatu, nawa ƴaƴan: sannunmu da rashi.

An ce in yi minti goma. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san minti ba. In na gama zan zauna.

Ku kun san ta da Mama Na'omi. Mu a Dutsi, Tabawa muka sani. Ni na goya ta, ni na kore mata ƙuda tana jaririya, kuma yau kwana arba'in ke nan da na tsaya a bakin raminta. Ba haka aka saba jerawa ba. Babba ne ya kamata ya riga ƙarami.

Ta kasance ungozoma a wannan unguwa shekara talatin. Cikin mutanen da ke ƙarƙashin wannan rumfa, akwai masu gemu da hannunta ne ya fara taɓa su kafin hannun uwarsu. Ba ta taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba.

Ta kasance mai tsayawa in kowa ya gudu. Shekarar da gulbi ya shigo Harobanda ya ci gidaje, aka tara mutane a azuzuwan lakwal, mun gan ta da zane ɗaure a ƙirji, ruwa har gwiwa, tana fitar da tukwanenta tun kafin ta fitar da tufafinta. Kwana goma sha tara tana hura wuta a filin lakwal. Mun gani, ba labari aka ba mu ba.

Ta kasance mai faɗa, wannan ma gaskiya ce. A gidanmu aka raba taurin kai, ni da ita muka kwashe.

Amma ba don wannan na roƙi a ba ni magana ba. Abinci ya kawo ni.

Da ta auri Sama'ila, malamin lakwal, Kirista ɗan Maraɗi, ta bi shi majami'a, ubanmu ya rantse ba zai ƙara cin abin hannunta ba. Ni kuwa rantsuwata ta fi ta uban. Shekara bakwai muna gari ɗaya, gulbi ne kawai tsakaninmu, ban ƙetare gada ba. Wata rana ina rumfata a Kalley ina saran ƙashi, sai ga ta da goyon Natanayel.

Ta ce: "Yaya, ban zo in ja ka majami'a ba. Nowel, sallarmu ta Kirsimeti, jibi ne, zabi shida gare ni. In Sama'ila ya yanka, ba wanda zai ci a danginmu. Ka zo ka yi bisimillarka ka yanka."

Na ce: "In na yanka, ba zan ci ba."

Ta ce: "Wa ya ce ka ci? Mahauci ai yanka ne aikinsa."

Na zo. Na yanka. Ina wanke wuƙa a wancan lungu zan fita, sai ta sauke madambaci ta buɗe. Jama'a, dambun uwarmu ne. Tsakin masara, zogale, albasa, garin ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa da aka soya da gabu. Ƙafata ta ƙi tafiya. Sau uku aka ƙara mini. Sai da na suɗe hannu ta ce: "Ashe rantsuwar ba ta kai ga dambu ba."

Daga ranar har kafin bara, Nowel arba'in wuƙata na shigowa gidan nan. Ba a takarda na ƙirga ba, amma ban yi kuskure ba.

Ku da kuke zuwa ku tarar da kwanoni a jere, ba ku san yadda ake kaiwa nan ba. Ni na sani. Tun ana yankan gero take fara Nowel. Ta aika Dutsi a zaɓo mata ƴan zabi, a sako su a mota, ta tsare su a bayan ɗaki tana ba su gero da hannunta, don ta ce zabon kasuwa ƙashi ne da gashi. Ta shiga Babbar Kasuwa ta wuni tana sansanar daddawa. Masara ita take kaiwa inji, ta tsaya kan mai niƙa kada ya mayar mata da tsaki gari. Ta san wanda likita ya hana gishiri. Ta san wanda yaji ke sa shi shaƙuwa. Ta san surukar da ba za ta ci a gaban surukinta ba, sai an kai mata ɗaki. Tukwanen Nowel kuwa daban take ajiye su, ba abin da ke shiga cikinsu wanda zai sa ɗan'uwa Musulmi ya janye hannu.

Har lokacin ci sai da ta auna. Ba a zubawa sai an fito daga majami'a, mu kuma mun sallame azahar. Buta da tabarma suna zaure suna jiranmu. In Layya ta zo, sai a juya: ƴaƴanta su ƙetaro Kalley, su tsaya da mu bakin wuta ana juya ragunan da aka tsire a sanduna, washegari in aika mata cinya. Natanayel da Abdulaye, ɗan mace da ɗan namiji, taubasai ne. A bakin wutar nan suke zagin juna har mu tsofaffi mu riƙe ciki don dariya. Abdulaye ya ce masa bawana, shi kuma ya ce: "Bawan da ke cinye maka hanta."

Ta kasance ita ce gadar. Ta ƙarfe da siminti, motoci kawai take ɗauka.

Yanzu zan faɗi abin da kowa a nan ya sani, kowa kuma yake yi kamar bai sani ba. Fasto, ka yi haƙuri. Liman, ka yi haƙuri. In ban faɗa yau ba, da shi za a rufe ni.

Bara ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Natanayel ya dubi uwarsa ya ji tausayi, ya ba mai girkin biki aikin duka, don ta huta. Ya kira ni a waya ya ce: "Kawu, bana ba sai ka sha wahalar zuwa da asuba ba. Ka zo ci kawai." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Ni kuwa na ajiye waya na ce, wato an sallami mahauci.

Na zo da azahar, da fushina a aljihu. Aka jera kwanoni: shinkafa, makaroni, salat, kaji jajur sun sha mai. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce: "Wa ya yanka?"

Ba wanda ya sani. Kajin kwali ne, na cikin ƙanƙara.

Na janye hannu. Abdulaye ya janye. Duk wanda ya ƙetaro gada tare da ni ya janye. Natanayel ya miƙe ya ce: "Kawu, shekara arba'in kana ci a gidan nan, yau ne abincinmu ya zama ƙazanta?" Abdulaye ya mayar masa da maganar da ba zan maimaita a gaban matan zumunta ba. Wannan karon ba wasan taubasai ba ne.

Kan kaji ba ni da laifi, kuma har gobe ba zan ci abin da ban san yankansa ba. Laifina yana gaba. Ashe Tabawa ta ƙi bin umarnin ɗanta. Tun da safe ta sa an kai mata kujera bakin murhu, da kumburarrun ƙafafun nan, ta turara dambu da kanta, don ta ce wannan ba a ba baƙo. Ina sa takalmi a bakin zaure sai na ji muryarta a bayana.

"Yaya, dambun fa? Ba nama a ciki."

Na ji ta sarai. Ban waiwaya ba.

Wata goma ban ƙetaro gada ba. Layya ta zo, ba wanda ya zo mana bakin wuta. Na yanke cinya na rataye, ban aika ba, har Habsatu ta gaji ta soya. Tun ranar Nowel ɗin nan Natanayel da Abdulaye ba su gaisa ba. A maƙabarta ma, ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Ku dube su yanzu, kujera nawa ce tsakaninsu.

Kwana huɗu kafin ta cika, Priska ta zo Kalley ta ce: "Kawu, Mama na kira." Na same ta a asibiti, an sa mata robar iska a hanci. Na buɗe baki zan nemi gafara, ta ɗaga hannu.

Ta ce: "Bar wannan, numfashina kaɗan ne. Zauna mu shirya Nowel."

Na ce: "Tabawa, ga Priska da biro, ta rubuta."

Ta ce: "In an rubuta, za su ninke su sa cikin Littafi Mai Tsarki su rufe. Kai da ba ka karatu, kai ne ba ka mantuwa. Kuma kai ne ba a iya sa ka shiru."

To ga saƙo, yadda ta ba ni.

Zabi goma sha biyu, ta riga ta aika Dutsi. Jama'a, kukan da kuke ji a bayan ɗakin nan tun da aka fara addu'a, su ne. Mako ɗaya bayan an rufe ta mota ta sauke su a ƙofar gida. Shekaranjiya aka so a yanka su don baƙin yau, na zauna bakin akurki na ce sai dai a fara da ni. Waɗanda suka ce tsohon nan ya rikice, yanzu kun ji dalili.

Ta ce miya ta Priska ce, a soya zabin kafin a sa, kada a kai tumatir wuta sai albasa ta yi ja, kuma a ɗebi ta Fasto kafin a zuba gishiri. Shinkafa matan zumunta sun san aikinsu. Lemun citta da tsamiya a jiƙa tun ana gobe.

Ta ce: "Hannunka ya fara rawa, Yaya, na gani tun shekara biyu, na yi shiru. Ka kawo wuƙar, amma Abdulaye zai yanka. Natanayel kuma shi zai riƙe. Zabo ba ya yankuwa da mutum ɗaya, in ba a danne fiffike ba sai ya tashi da wuƙa a wuya."

Na ce: "In sun ƙi fa?"

Ta ce: "To zabin su tsufa."

Sai na tambaye ta dambu. Ta ce: "Lidiya da Habsatu su yi tare. Ba zai yi daɗi ba. Lidiya tana cika ruwa, Habsatu tana cika gishiri, ni kuma da tafin hannu nake awo, ba abin da zan bar musu. Zai caɓe. Ka ci, Yaya. Ka ce a ƙara maka."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Gafarar da na je nema ban samu bakin nema ba.

Natanayel, ɗaga kanka ka dube ni. A Dutsi kawu ba ya roƙon ɗan ƙanwarsa, amma yau ga Fasto ga Liman, su shaida. Kai tausayin uwarka ka ji. Ni kaina na ji. Na kunyata ka a gidan ubanka, na sa uwarka ta yi Nowel ɗinta na ƙarshe tana kallon bayan yayanta. Ka yafe mini.

Abdulaye, ni na fara janye hannu, ka bi ni. To ka sake bi na. Abin da ka faɗa wa taubashinka, kai ka san shi, kai za ka je ka ɗauke.

Priska, Lidiya, Habsatu, saura kwana goma sha takwas. Masara ba ta je inji ba.

Ban ce ku amsa mini a gaban jama'a ba. Amsar da aka bayar don kunyar mutane ba ta kaiwa gobe. Abin da zan ce shi ne, ranar Nowel in na sallame asuba, zan ƙetaro gada da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Zan zauna a zauren nan. In an buɗe, alhamdu lillahi. In ba a buɗe ba, ina nan zaune har la'asar, baɗi ma haka, har ranar da za a ce Shu'aibu ya bi ƙanwarsa. Kun san ni.

A madadin dangi, na ƙetaren gulbi da na wannan gefe, muna godiya ga duk wanda ya taka ya zo, da wanda ya yi jinya, da wanda ya haƙa rami, da matan da suka kwana arba'in ba su bar gidan nan ba kowa ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Addu'arta ta majami'a, Fasto zai yi, shi ya san ta. Ni abin da na iya shi ne wannan: Allah da ya fitar da mu daga ciki ɗaya, ya ga haihuwar da ta karɓa da yunwar da ta kashe, shi ne mai hukunci, ba ni ba. Ya Allah ka yi mata da sauƙi. Ka sanyaya zuciyar ƴaƴanta. Ka sassauta tawa tun da sauran lokaci. Ka kai ni ranar Nowel da raina, ka sa a ajiye mini kwanon dambun nan a gabana, ko ya caɓe, ko ya yi gishiri, in ci, in ce a ƙara.

Amin. Na gama, zan zauna.