Wake da Man Alade

A wani gidan abincin 'yan Meksiko da ke unguwar Bronx, can ƙetare, a shekarar 1974, Ladan direban tasi ya yi bisimilla zai far wa wake da gurasar masara. Wani saurayi mai kwat ya ji shi, ya jawo kujera.

"Baba, ashe Bahaushe ne! Sunana Dikko, likitanci nake karantawa. Ka san da man alade suke soya waken nan?"

Ladan ya tsaya da loma a hannu. "Shekara uku ina cinsa. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. Kai wa ya aiko ka?"

"Gaskiya ce ai."

"Gaskiyar gidanku! A asibitin aka koya maka?"

"Da idona na gani. Kullum ni nake kankare..." Sai Dikko ya kama bakinsa.

"Kake kankare me, likita?"

"Tukunyar. Don Allah, Baba, kada zancen nan ya kai gida Zariya."

Ladan ya dubi waken kamar mai sallama da masoyi, ya tura masa farantin.

"Ungo, likita. Tunda ka raba ni da wakena, je ka yi wa wannan tiyata."