Wankan maganin da ba a son uba ya gani

Assalamu alaikum mai shiri, barka da aiki. Hamisu ne daga Korgom.

Ɗana Sani, ɗan shekara sha uku, yana kokowa. Ran kasuwa mai horar da 'yan kokowar ya zo da moto, wai zai kai shi daji wankan magani kafin gasar Tasawa. Yaro har ya hau. Na ce mu tafi tare. Mutumin ya haɗe rai, ya ce in wani ya gani maganin karyewa yake.

Na ce, "To ya karye. Sauko, Sani!"

An cire shi daga gasar, yau kwana uku bai yi mini magana ba. Ban kama mutumin da komai ba, amma iyaye ku gaya mini, wane magani ne ke tsoron idon uba?