Kamfani Ya Riƙe Sunan Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni Malam Habu ne, tsohon malamin makaranta, daga wani ƙauye a gefen Ɗambatta.

Shekarun da taki ya gagari manomi, ni da ƙanena Sale muka kafa injin matsar man gyaɗa, muka sa masa laƙabin mahaifinmu, wato Maitsaba. Masu saye a Kano suka ce sai mun yi rajistar kamfani, irin wanda bashinsa ba ya bin mutum gida. Lauya ya ce mu rubuta yarjejeniya, a san kason kowa da abin da za a yi in ɗaya ya mutu. Mu kuwa a gandu muka tashi, gona ɗaya rumbu ɗaya, wa ba ya zama da ƙaninsa su yi rabo a takarda. Na ce a rubuta Sale da ɗansa Nura, ni uba ne, ba sai an sa sunana ba.

Bara Sale ya rasu. Da na je injin, Nura ya shimfiɗa mini tabarma ya ce, "Baba, ka huta. Kamfani ba gandu ba ne, waɗanda aka rubuta kawai ya sani."

Na ce to, zan buɗe nawa. A ofishin rajista aka ce sunan Maitsaba yana da mai shi, ko mai kama da shi ba za a ba ni ba.

Lauyoyi da malaman da ke saurare, ku ba ni shawara. Injin na bar masa. Amma wace kotu ce ke mayar wa mutum sunan ubansa?