Sun Auna Rafinmu da Rani

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri, da sauran masu sauraro. Ni ne Sale, manomi daga wani ƙauye a bayan Kiyawa. Hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa na rubuto.

Da rani wasu ma'aikata suka zo duba rafin da ya raba mu da titi, inda muka roƙi a gina mana kwalbati. Suka ce sai sun auna kuɗin aikin da amfaninsa, in amfanin ya rinjaya sai a yi. Lokacin rafin a bushe yake, awaki ma na kwance a kan yashi. A ƙofar gidan Mai Unguwa suka tambaye mu yadda muke yi da damina. Ka san halinmu, ba ma tarar baƙo da koke. Ni da bakina na ce, "Alhamdu lillahi, muna lallaɓawa." Dattawa suka gyaɗa kai. Ashe rubutawa suke yi. Aka ce amfanin bai kai kuɗin ba, aka soke aikin.

Yau kwana huɗu ke nan ko babur bai tsallaka ba. Mai ɗakina tana da tsohon ciki, asibiti kuma yana can hayi. Da na ga hadari ya haɗo sai in kasa zama, in je bakin rafi in dawo, in sake komawa.

Malam, don Allah ina ake kai takarda a Dutse a sake wannan awo? Wannan karon zan faɗi gaskiya. Su dawo yanzu su auna, in har za su iya tsallakowa.