Barcin Saje Miflih a Kwanar Ɓaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Mukhtar, wato dagacin ƙauyenmu, Abu Nayif. Mai girma babban baƙonmu, shugaban 'yan sandan hanya na wannan yanki, Kanar Salama. Limamin masallacinmu, Shaihu Uƙla. Dattawanmu da suka zo da sandunansu. Iyayen yara, maza da mata. Direbobin bas da suka ajiye motocinsu suka tsaya can baya. Malamai abokan aikina. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa harabar wannan makaranta.

Ina godiya ga Kanar da ya baro ofis ya zo da ƙafarsa, alhali da ya ga dama sai ya aiko a kira ni. Ina godiya ga iyaye da suka bar gona da shago a wannan tsakar rana. Ni Wijdan, shugabar wannan makaranta, na saba tsayawa a nan in yi tambaya yara su ba ni amsa. Yau ni aka yi wa tambaya, kuma ina gaya muku tun daga farko, kaina a ɗaure yake.

Tambayar da Kanar ya aiko mini ita ce: Saje Miflih, wanda muke kira Abu Rakan, da yake ajiye motar sintiri a gindin ɓauren nan na bakin kwana, aiki yake yi ko hutu yake yi? An ce in zaɓi ɗaya, domin a kan kalmar da na zaɓa za a yanke masa hukunci. Bari in bi maganar daki-daki, ko Allah ya sa kafin in kai ƙarshe ni ma in gane.

Na farko, kwanar kanta. Kanar baƙo ne a cikinmu, saboda haka sai in faɗa masa abin da kowa a nan ya sani. Manyan motoci suna saukowa daga wurin fasa dutse da kaya har wuya, gangaren yana tura su, ba sa ganin ƙofar makaranta sai sun karya kwana, kuma rabin yaranmu gidajensu suna tsallaken titi. A nan muka rasa Tuƙa, yarinyar aji uku, da jakarta a bayanta. Mahaifinta yana zaune a cikinmu, ba zan tsawaita ba. Bayan rasuwarta mun roƙi a yi mana tudun kwalta mai sa a rage gudu, aka ce babbar hanya ce, ba a yi mata tudu. Mun roƙi fitilar ba da hannu, aka ce mutanenmu ba su kai yawan da za a ba su fitila ba. Mun roƙa, mun roƙa, har muka gaji muka yi shiru.

Ana nan sai wata rana muka ga motar sintiri a gindin ɓaure bayan azahar, daidai lokacin da muke tashin yara. Washegari ta dawo. Direbobi suka fara kifta wa juna fitila tun daga saman gangare, kowa yana taka birki, manyan motoci suna wucewa a hankali kamar masu rakiyar amarya. Shekara biyu ko akuya ba a take ba a kwanar nan. Muka ce alhamdu lillahi, ashe kukanmu ya isa inda muka aika shi.

Na biyu, walimar watan jiya. Yaba kyauta tukwici, in ji masu iya magana, don haka ƙauye ya yanka raguna, aka dafa mansaf, shinkafarmu ta biki da naman rago, aka gayyato Kanar don a gode masa. Mukhtar ya miƙe, ya gyara rawani, ya yi jawabin da ban taɓa jin ya yi mai daɗinsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da ka ajiye mana wannan bawan Allah a kwanar nan kullum, ba fashi." Kanar yana da loma a hannu, bai kai ta baki ba. Ya ce, "Wa ya ajiye shi? Ai wurin aikinsa mararrabar kasuwa ce." Na dubi Abu Rakan, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon faranti kamar a ciki amsar take. Allura ta tono garma. Ashe babu wanda ya turo shi. A duk tsawon hanyar nan inuwa ɗaya ce, ita ce ta ɓaurenmu, ita yake zuwa nema in rana ta dafa shi. Mukhtar, ba laifinka nake gani ba, dukanmu mun yi maka tafi. Amma dai da ka gajarta jawabin nan da jimla ɗaya, da yanzu muna gida. Tun daga ranar an karɓe makullin mota daga hannunsa, yana zaune a gida yana jiran hukunci.

Na uku, shaidu. Da tambayar ta iso gare ni, sai na ce bari in tambayi waɗanda suka fi ni ganinsa. Na fara da Abu Udai mai bas. Ya ce, "Malama, aiki yake, na rantse da kabarin mahaifina. Mutumin nan idonsa kamar na shaho. In na zo wucewa har jin kallonsa nake a ƙeyata." Na ce, "Ka taɓa ganin idon nasa?" Ya ce, "Ina zan gani, baƙin tabarau yake sawa. Amma ai mai barci ba ya zama a miƙe haka."

Daga nan na je wurin Ummu Sultan, wadda gidanta yake daf da ɓauren, ita ce mai aika masa shayi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Aiki? 'Yar nan, munsharinsa har gilashin mota yake girgizawa. Sau nawa nake ajiye shayi a kan bonet in dawo in tarar ya huce, ƙuda suna wanka a ciki." Na ce, "To Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "In faɗa wa wa? In faɗa wa Abu Udai ya daina taka birki? Jikokina uku suke tsallaka titin nan. Ni ce ma na ba shi shawarar tabarau."

Ga shaidu biyu, dukansu masu salla, dukansu sun rantse, kuma ban ga wanda ya yi ƙarya ba.

Na huɗu, doka. Na ce tunda mutane sun ruɗa ni, bari in koma ga masu ita. Na tambayi jami'in da ya kawo mini saƙon Kanar, shin ɗan sandan hanya yana da hutu a cikin motarsa? Ya ce yana da shi, amma ba zai fita daga motar ba, kuma ba zai kashe rediyon kira ba. Na ce, to wanda bai bar mota ba, bai kashe rediyo ba, ai yana bakin aiki. Ya ce a'a, hutu yake. Na ce, to in hutu yake, ya halatta ya rufe ido? Ya ce a'a, domin yana bakin aiki. Na tambayi ɗaya jami'in da suka zo tare, shi kuma ya ce mini hutu ana yin sa ne a wurin aiki, in ka matsa daga wurin ya zama gudu. Na ce, ko da wurin aikin babu inuwa? Ya ce doka ba ta ambaci inuwa ba. Ranka ya daɗe, na koyar da yara bambancin kalmomi shekara da shekaru, amma wannan hutu da yake aiki, da wannan aiki da yake hutu, ya fi ƙarfin karatuna.

Abin da na iya ganewa shi ne wannan. In na ce aiki yake, to ya bar inda aka ajiye shi ya yi aiki inda ba a aike shi ba, za a hukunta shi, mota ba za ta dawo ba. In na ce hutu yake, to ya yi barci da kakin gwamnati a motar gwamnati, za a hukunta shi, mota ba za ta dawo ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙarshe dai na je gidansa tare da mijina, na tambaye shi baki da baki. Na ce, "Abu Rakan, tsakaninka da Allah, me kake yi a gindin ɓauren nan?" Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Malama, da zan yi miki ƙarya da na ce don yara nake zuwa. Barci nake zuwa yi. Wata rana ƙararrawarku takan tashe ni, in zauna ina kallo har na ƙarshensu ya haye. Wata rana kuma sai in farka in tarar duk sun tafi, in ji kunya ta kama ni, in ja mota." Na ce, "To wanne zan gaya wa Kanar?" Ya ce, "In kin gano, ki gaya mini ni ma."

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni barci ni. Direbobi sun fi mu saurin samun labari. Kwana kaɗan da ɗauke motar suka daina kifta fitila. Talatar da ta wuce wata babbar mota ta kwashe kusurwar katangarmu, ga ɓaraguzan can kuna gani, muna shirin kaɗa ƙararrawa. Yanzu ni nake fita tsakiyar titi da jan mayafi a hannu ina ɗagawa, kuma ina shaida muku babu direban da yake jin tsoron shugabar makaranta. Jiya wani ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, matsa, shanya kike yi?" Matasanmu sun ce su yi wa tsohuwar motar Abu Udai fenti irin na sintiri su ajiye ta a wurin, aka ce wannan laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ashe motar da babu kowa a cikinta laifi ce, motar da mai ita yake barci ma laifi ce, kwanar da babu mota ko ɗaya ita ce ba laifin kowa ba.

Ranka ya daɗe, ka zo don ka ji amsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ba ni da ita. Ban sani ba ko aiki yake, ban sani ba ko hutu yake. Abin da na sani, tsoro nake ji kullum in na ɗauki ƙararrawar nan. Roƙonmu, ni da iyayen nan, kada a kori mutumin da bakinmu ne ya tona shi garin godiya. Ka mayar masa da makullinsa, ka bar shi ya zo gindin ɓaure bayan azahar, ka kira abin da yake yi da duk sunan da dokarku ta yarda da shi. In ka ce aiki ne, mun gode. In ka ce hutu ne, mu za mu kawo matashin kai.

Allah ya ji ƙan Tuƙa, ya ƙara wa iyayenta haƙuri. Allah ya raya mana waɗanda suka rage, ya sa mu ga girmansu. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya warware musu abin da ya ɗaure mana kai. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Waɗanda za su tsallaka titi, ku riƙe hannun yaranku da kyau. Kai ma, ranka ya daɗe, ka ce wa direbanka ya leƙa saman gangare kafin ya hau kwalta, domin yau babu mai barci a kwanar nan.

Na gode.