Bana Ban Kama Kifin da Zan Tsaga Ba

Mai girma shugaban taro, Si Lahsen, malam liman, wakilin hukuma, 'yan'uwana masunta, waɗanda suka rage, 'ya'yanmu masu hawan igiyar ruwa a kan katako, jama'a maza da mata, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni dama, ni tsoho Bihi, kafin ku ɗaga hannu ku yanke shawara kan gasar nan ta hawan igiyar ruwa.

Ban yi makaranta ba, amma shekara sittin ina kallon tekun nan. Abu na farko, kun san al'adarmu. In sanyi ya kama, mafi tsufa cikin masunta ya kamo kifin nan shargo guda, ya tsaga cikinsa a gaban jama'a. In an ga ƙwai, an rufe bakin duwatsu ke nan kwana arba'in. Kowa ya kife jirginsa, ba taru, ba ƙugiya, har kifi ya gama zuba ƙwai. Haka na gani a hannun mahaifina.

Na biyu, cikin kwanakin nan arba'in kuka sa gasarku, don lokacin ne igiyar ruwa take tashi. Katako bai dame ni ba. Baburan ruwan da ke jan ku su suka dame ni, da ciyawar da kuka tuge daga duwatsu wai tana harɗe ƙafar baƙi 'yan yawon buɗe ido. A gindin duwatsun nan kifi yake taruwa.

Ɗana Iddir ga shi can, shi da ya sayar da jirginsa ya buɗe shagon hayar katako. Na ce masa, “Kai, ku ɗaga gasar mana.” Ya ce, “Baba, ka je ka gaya wa iska ta ɗaga! Baƙo ɗaya yana ba ni dirhami ɗari biyu kafin azahar. Kifinka fa?” Na ce, “In baƙon ya ji yunwa, ka dafa masa katako a tukunyar tajin.” Muka yi dariya, amma bai ɗaga ba. Ban zarge shi ba, 'ya'ya huɗu gare shi.

Na uku, shi ne mai nauyi. Bana ni ne mafi tsufa. Kwana tara na jefa ƙugiya a bakin duwatsu, kwana tara na dawo da wuƙata a bushe. Ban kama shargo ko guda da zan tsaga ba.

Saboda haka na zo muku hannu wofi, ba ni da shaida. Duk da haka, na rufe bakin duwatsu daga yau. Jirgina na kife shi da safe. Na san yadda hannuwanku za su tashi, tun daga nan ina ganinsu. Iddir, ɗaga naka, kada ka sunkuyar da kai saboda ni.

Allah ya tsare ku a kan ruwa, ya ciyar da jikokinmu da abin da ya rage a cikinsa. Na gode.