Zanen da Muka Kai Bakin Masallaci

Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu saurare. Ni ce Maman Nasiru daga Maamobi.

Ɗana Nasiru tun haihuwa hannunsa ɗaya ne ke aiki. Kullum yana shagon gem na unguwarmu yana kallon sa'anninsa suna wasan bidiyo, don abin dannawar sai da hannu biyu. Ƙanena Sule, mai zane, ya ce akwai na hannu ɗaya, amma da tsada. Sai ya zana jaruman gem ɗin, ni da Nasiru muka kai bakin masallaci ranar Juma'a mu sayar, mu tara kuɗin.

Ba wanda ya saya. Wani dattijo ya ce, "Hajiya, hoton mai rai ba ya shiga ɗakina." Ban ga laifinsa ba. Amma sauran sai su wuce zanen, su jefa wa yaron silalla a cinya.

Nasiru ya dube ni ya ce, "Mma, bara muka zo?"

Tun ranar ko kallon gem ɗin ya daina zuwa. Jama'a ku ba ni shawara. Ina zan kai zanen nan, inda za a dube shi kafin a dubi hannun ɗana?